Taswirar Layin Tanki

Litinin, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Yau ma Malam Gershon bai gama ba. Mako uku ke nan cur da na kai masa taswirata ya juye min ita da tawada, kullum da uzurin da zai tare ni da shi. Da farko tawada ce ta ƙare, sai kuma bakin alƙalami ya lanƙwashe, yau wai idonsa ke ruwa. Mutumin da ya shekara ashirin yana zane a ofishin safiyo na masu auna ƙasa kafin ya buɗe shagon rubuta allunan talla, gidaje sittin da huɗu ne za su gagare shi? Na tsaya a ƙofar shagon ina cika ina batsewa, shi kuwa sai haƙuri yake ba ni yana goge tabarau da gefen riga.

Bari in huce a nan, tunda wannan littafin ba na Dokta Leonard ba ne. Shi ne mai duba aikina a jami'a, kuma nasa littafin yana nan daban, wanda nake cikawa da gurgun Turancina yana bi da jan biro. Wannan nawa ne, ba mai gyara min.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da na tsallako daga Damagaram don yin digiri na biyu a nazarin Afirka. Mu tara ne a aji, baƙi uku: ni da wani ɗan Sudan da wani ɗan Kamaru. Su biyun sun zaɓi abin da za su rubuta suna zaune a ɗakin karatu, ni uwar iya na ce sai na zo Kafanchan na ga yadda jirgin ƙasa ya kwaso mutane daga ko'ina ya zube su a layi ɗaya. Wata biyar na yi ina auna Layin Tanki da igiya. Kowane gida na ba shi lamba, na rubuta sunan mai gidan, na shafa masa launi: kore gidan Musulmi, ja gidan Kirista. Haka aka koya mana a Yamai, wai taswirar da ba ta da launi bebiya ce. Da Dokta ya gan ta a watan Maris ya ce ita ce zuciyar kundina. Guda ɗaya ce tak, shi ya sa na matsu a juye ta.

Mama Theresa, tsohuwar malamar firamare da nake zaune a gidanta, ita kaɗai ce ba ta yaba ba. Ran da nake shafa launin ta leƙo ta tambaye ni wanne na ba gidanta. Na ce ja. Ta ce to ni da nake shimfiɗa sallaya a ɗakin baya fa? Na ce ƙa'ida ita ce a bi mai gida. Ta ce, "To, a gai da ƙa'ida," ta koma kan kekenta na ɗinki. Tun daga ranar ban ƙara yi mata zancen taswira ba, ba ta ma san tana shagon Gershon ba.

Laraba, 6 ga Mayu, da hantsi

Na kai wa tsofaffina biyu ziyara. Baba Sambo, gida na ashirin da bakwai, kore. Baba Obadiah, gida na ashirin da takwas, ja. Na farkon ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba kwal a cikin jirgi, na biyun yana juya layin dogo a tasha, yanzu ba su da aiki sai dara a gindin mangwaro da musu a kan wanda ya mallaki mangwaron. Gindin yana wajen Baba Obadiah, rassan sun fi yawa a wajen Baba Sambo, shekara arba'in ba a yanke shari'ar ba. Suka tsare ni wai in faɗa musu gidan wa na sa bishiyar a takardata. Na ce a kan layin tsakiya na zana ta. Baba Sambo ya ce ai dama 'yan Faranshi ba sa iya hukunci, Baba Obadiah ya ce a'a, yarinyar tana da wayo, tana son ta ci gaba da shan mangwaro ta ɓangare biyu.

Ana cikin haka Baba Obadiah ya duba agogo, ya ciro ƙwaya daga aljihu ya miƙa wa abokinsa ba tare da ya ɗaga ido daga darar ba. Maganin hawan jini ne. Edna, 'yar Baba Obadiah, nas ce a Jos, ita ke aiko shi, shi kuma yake riƙewa, don in aka bar wa Baba Sambo kwalbar sai ta shekara ba a buɗe ba. Na ɗauki kaset guda cike da surutunsu. Rabinsa ba zai shiga kundi ba, dariya ce kawai.

Laraba, 13 ga Mayu, da yamma

Direbobin da ke shigowa daga ƙauyuka suna kawo zantuka. An ce, an ce. Wai an yi faɗa a wani gari, wai a kan kasuwa, wai a kan gona, kowa da irin nasa. Mai kayan miya ta ba ni canji ba ta kalle ni ba, alhali kullum sai ta tsokane ni a kan maganata. Na biya ta wajen Gershon, ya ce in bari gari ya lafa tukuna. Na ce masa me ya haɗa tawada da lafawar gari? Ya ci gaba da goge tabarau. Ni dai na ɗauka duk zancen ƙanzon kurege ne.

Juma'a, 15 ga Mayu, bayan azahar

An tashi kasuwa tun kafin sha ɗaya. Ina wanki na ji ƙafafu suna gudu a layi, ba ihu, gudu kawai. Mama ta sa sakata a ƙofar gida da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Ta jiƙa wake, ta cika duk wata roba da ruwa, har da bahon wankina. Na tambaye ta me ke faruwa, ta ce ita ma ba ta sani ba, amma ta taɓa ganin irin wannan shirun.

Asabar, 16 ga Mayu, da safe

Hayaƙi ta wajen tasha.

Asabar, kafin magariba

Rediyo ta ce an sa dokar hana fita daga shida zuwa shida. Ba ta ce don me ba, sai dai a zauna lafiya da juna.

Mama ta shigo ɗakina ta kwashe mayafaina ta cusa a ƙasan buhun ƙyallaye, ta ba ni zanenta na zumuntar mata da ɗankwali. Ta ce in wani ya shigo, ni 'yar ƙanwarta ce daga Kagoro, kuma in rufe bakina. Na ce ai Hausa nake ji kamar kowa. Ta ce, "Shi ne matsala. Hausa naki ya yi yawa, kina buɗe baki an san ke ba na nan ba." A jami'a Turancina ne ya yi kaɗan, a nan Hausata ce ta yi yawa. Na so in yi dariya, na kasa.

Da za ta fita ta juyo ta ce waccan takardar tawa mai launi, in ɓoye ta da kyau, ko in sa ta a murhu. Na ce to. Sai da ta rufe ƙofa sannan maganar ta iso min. Suna, lamba, launi, ƙofar kowane gida da inda take kallo, har lungun da ke ɓullewa bayan tanki. A ƙasa kuma, da rubutuna mai kyau, sunana da sunan garinmu. Wata biyar ina kallon takardar nan ban taɓa ganin abin da take ba sai yau.

Ban faɗa wa Mama ba.

Lahadi, 17 ga Mayu, da hantsi

Ba a kaɗa ƙararrawar coci ba. Ban ji kiran asuba ba. Mama ta yi addu'arta a falo, na yi sallata a zaune a bayan ƙofa, ita ta tsaya min a tsakar gida tana shara inda babu datti.

Litinin, 18 ga Mayu, da azahar

Na ce wa Mama zan nemo kananzir. Ƙarya nake, shagon Gershon na nufa, da zanenta a jikina da galan a hannu.

Ba zan rubuta abin da na gani a hanya ba. Lambobi kawai zan rubuta, tunda su na iya. Uku, huɗu, shida, tara. Ta wajen tanki kuma arba'in da ɗaya, arba'in da biyu, arba'in da biyar. Na farkon kore ne duka, na wajen tanki ja ne duka. An tsallake biyar. An tsallake arba'in da uku. Wanda ya yi wannan ya san inda zai tsallake.

Ƙofar shagon a ɓalle take. An kwashe fenti, an kifar da tebur, takardu sun jiƙe da ruwan saman jiya sun manne a ƙasa. Na durƙusa ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da farce. Allon mai sayar da taya, allon wata makarantar koyon keken rubutu. Tawa ba ta nan. Wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da shagon ta ce ba ta ga Gershon ba tun Alhamis, ba ta san ko ya gudu ba ne ko me. Ta tsaya tana kallon bakina, sai na tuna da gargaɗin Mama, na ɗauki galan na tafi.

A kan hanyar dawowa na ga ashirin da bakwai. Rufin ya rufta, mangwaron ya ƙone ta gefe guda. An ce Baba Sambo da iyalinsa sun tsira, suna makarantar firamare ta kusa da ofishin 'yan sanda inda sojoji ke gadi.

Na dawo ba kananzir. Ban faɗa wa Mama ba.

Talata, 19 ga Mayu, da safe

Baba Obadiah ya ƙwanƙwasa mana da sandarsa. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, da leda cike da mangwaro. Ya ce wancan shashashan tsohon ya gudu ba magani, yau kwana uku, zai kai masa. Mama ta ce ya bari a sami soja a ba shi saƙo. Ya ce soja ba zai tsaya a kansa har ya haɗiye ba. Ta roƙe shi, ya ce shi tsoho ne, duk garin nan ba wanda bai taɓa ɗaga wa tuta ba. Ya ba ni mangwaro biyu, ya ce na gefen Sambo ne, in shaida cewa ya biya haƙƙi.

Talata, bayan la'asar

Matan layi sun taru a bakin famfo, ina daga cikin ɗaki ina jin su ta taga. Ɗaya ta ce waɗanda suka zo ba 'yan gari ba ne, daga nesa aka kawo su, har daga tsallaken iyaka. Wata ta ce ƙanin mijinta ya gani da idonsa, na gabansu yana riƙe da takarda yana dubawa yana nuna gida. Sai wata murya da na sani, matar gida na talatin da uku, wadda ta taɓa riƙe min bakin igiya, ta ce ai dama akwai wadda ta yi ta auna gidajen mutane. Sai na ji Mama ta ce aikin makaranta ne, takardar tana cikin akwati a gidanta, wanda ke da magana ya zo ya same ta.

Ta tsaya min a kan ƙarya, ita ba ta san ƙarya ce ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ba na kaina kaɗai ba.

Laraba, 20 ga Mayu, da magariba

Baba Obadiah bai dawo ba. Wanda ya je makarantar ya ce bai isa can ba.

Alhamis, 21 ga Mayu, da hantsi

Sojoji suna bi gida gida, wai makamai suke nema da baƙi. Uku suka shigo mana. Na yi niyyar zama 'yar ƙanwar Mama, amma saje yana ɗaga katifata ya ga fasfo. Ya juya shi, ya kalle ni, ya kalli zanen da ke jikina. Na ba shi takardar izinin zama da wasiƙar jami'a. Ya ce me ɗalibar Nijar ke yi a Layin Tanki. Na ce tarihin jirgin ƙasa nake rubutawa. Ya ce tarihi, a wannan lokaci?

Ya ga rakoda a kan tebur ya danna. Sai ga muryar Baba Obadiah ta cika ɗakin, yana ƙyaƙyata dariya yana cewa gindi ai shi ne bishiya, reshe ɗan haya ne. Mama ta nemi bakin gado ta zauna. Sajen ya saurara har Baba Sambo ya ba da amsa, sannan ya kashe. Ya rubuta lambar fasfona a wani littafi, ya ce kada in bar gari sai an neme ni.

Bai tambayi taswira ba. Duk lokacin da yake ɗakin ina jiran ya ciro ta daga aljihu ya shimfiɗa a gabana.

Juma'a, 22 ga Mayu, da yamma

An sami ledar mangwaron a ƙarƙashin gada. Daga baya aka same shi. Kwalbar maganin tana aljihun kwat ɗin.

Asabar, 23 ga Mayu, da azahar

An binne Baba Obadiah. Edna ta zo daga Jos, ta kulle gidan, ta koma a motar da ta kawo ta. Ba a bar ni na je ba.

Litinin, 25 ga Mayu, da safe

Uku, huɗu, shida, tara, ashirin da bakwai, arba'in da ɗaya, arba'in da biyu, arba'in da biyar, hamsin. In na rufe ido ina ganin ta gaba ɗaya, har inda fensir ɗin kore ya karye na feƙe shi. Ina bin layin ina tambayar kaina gida na gaba. Namu goma sha tara ne. Ja.

Ba na iya cin abinci. Mama ta ɗauka makoki ne. Mangwaron nan biyu suna kan taga sun fara lalacewa, na kasa sha, na kasa zubarwa.

Talata, 26 ga Mayu, bayan azahar

Wani malamin kwaleji ya kawo min wasiƙar Dokta Leonard. Ya yi min jaje, ya ce ofishin ɗalibai baƙi yana tambayar lafiyata. Sannan ya zo kan abin da ya sa ya rubuto: wai yanzu taswirata ta fi da daraja, don ita kaɗai ce shaidar yadda layin yake kafin abin ya faru. In kula da ita kamar idona, in kawo ta da zarar hanya ta buɗe, za a yi kwafi da yawa, akwai masu bincike da za su so gani, watakila ma a buga ta a mujalla. Ya tuna min cewa a watan Satumba wa'adina zai cika, ba babi na uku ba kundi.

Ba mugun mutum ba ne. Da a ɗakin karatu nake zaune, ni ma abin da zan rubuta ke nan. Babana kuwa ya riga ya gaya wa duk unguwarmu ta Birni cewa 'yarsa za ta dawo da digirin da aka yi da Ingilishi.

Kwafi da yawa. Na karanta wurin sau uku.

Laraba, 27 ga Mayu, da hantsi

Na faɗa wa Mama.

Tana yankan atamfa na tsaya a kanta na faɗa mata duka, da shagon, da ƙofar da aka ɓalle, da ƙaryar kananzir. Ta ajiye almakashi. Na gwammace ta mare ni.

Ta ce, "Kwana goma sha ɗaya kina cin abinci da ni, kina kallon fuska na. Na tsaya a famfo na rantse wa mutane."

Na ce tsoro na ji. Ta ce tsoro kowa yana ji, amma ba a ɓoye wuta a cikin zane. Na tambaye ta ko tana ganin takardata ce a hannun mutumin nan. Na so ta ce a'a. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi min ƙarya don in ji sanyi ba. Nan na fashe da kuka, karo na farko tun da aka fara, ba ta rarrashe ni ba.

Ta ɗaura ɗankwali ta fita. Da ta dawo ta ce Gershon mutumin wajen Nok ne, akwai wata mai sayen citta a cocinsu da za ta je can gobe, ta ba ta saƙo. In yana da rai za mu ji. Ta zuba min abinci ta tsaya a kaina har na ci.

Alhamis, 28 ga Mayu, da yamma

Shiru. Duk babur ɗin da ya shigo layi sai na miƙe.

Juma'a, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Ya zo. Da ransa, ya rame, da wani bututun roba ɗaure a bayan babur an naɗe shi da buhu. Bai zauna ba sai da Mama ta rufe ƙofa. Ya zare murfin, ƙanshin citta ya cika falon, ya jawo taswirata ya shimfiɗa a kan teburin ɗinki. Ga ta nan, ko ƙura babu. Na zauna a ƙasa.

Tun ranar Alhamis ɗin da aka daina ganinsa ya ɗauke ta ya kai ƙauyensu, ya tura ta cikin buhun citta a rumbun yayansa. Ko matarsa ba ta sani ba. Na tambaye shi ko ya fara juyewa, ko akwai wani kwafi da ya bari a shago. Ya cire tabarau yana gogewa kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Malama, ko layi ɗaya ban ja ba. Tun ranar da na buɗe shi na ga ja da kore, na san hannu na ba zai yi ba. Amma ke baƙuwa ce, kin sha rana a kai, kunya ya hana ni gaya miki. Tawada na bai taɓa ƙarewa ba."

Mako uku ina tsaye a ƙofar bawan Allah nan ina yi masa tsiwa. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ai ni karatu nake yi. Wannan kalmar ta fi zagi ciwo.

Bayan ya tafi na tambayi Mama, to takardar da aka ce an gani fa? Ta ce watakila akwai, watakila babu. Ta ce masu nuna gida ba sa bukatar takarda, sun ci tuwo a gidajen nan ranar suna da ranar Kirsimeti. Na zaci in na san ba tawa ba ce zan ji sauƙi. Na ji, amma kaɗan. Wannan karon ba ita ba ce. Tana nan a kan tebur tana jiran wani karon.

Asabar, 30 ga Mayu, da safe

Na ɗauke ta na nufi murhu. Mama ta ce, "An ƙona abu ya isa a garin nan." Na dawo da ita. Na ɗauko wasiƙar Dokta na ajiye a gefenta, na zauna a tsakaninsu har shayina ya huce. Wata biyar, da rana, da igiya, da kunamar da ta harbe ni a bayan gida na hamsin da biyu. Ban taɓa yin abu mai kyau irinta ba a rayuwata, gara in faɗi gaskiya.

Almakashin Mama yana nan inda ta bar shi. Na fara da ƙasa, na yanke sunana da bayanin launuka, su kam na jefa a wuta ba ta hana ni ba. Sannan na bi layin gida gida. Kowane gida ɗan murabba'i ne da bai kai tafin hannu ba, da lambarsa da sunan mai shi. Guda ɗaya ba ya gaya wa kowa komai sai abin da mai gidan ya riga ya sani. Mama ta zo ta karɓi almakashin ta ce yankana a karkace yake, ta ƙarasa min. Ta ɗauki goma sha tara, ta nemo fensir kore ta ɗiga a kusurwar ɗakin baya, ta sa a cikin littafin waƙoƙinta.

Ashirin da bakwai da ashirin da takwas ne muka bari a haɗe. Mangwaron yana kan layin, ba mu san ta inda za mu bi ba.

Na rubuta wa Dokta layi biyu. Na ce taswira babu ita, ni na yanka ta, in akwai wata hanyar yin babi na uku ina saurare, in babu na gode.

Litinin, 1 ga Yuni, da azahar

Jiya da yau muka zaga da Mama. Wasu sun karɓa suna juya takardar suna mamaki, wasu sun rufe mana ƙofa. Matar talatin da uku ta karɓi nata, daga baya ta aiko mana da ƙosai. Na sauran da gidajensu suka ƙone muka kai makarantar firamare.

Baba Sambo yana zaune a barandar aji uku a kan buhu, ya tsufa da shekara goma. Bai ce min 'yar Faranshi ba. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa gaisuwar abokinsa, ya amsa yana kallon ƙasa. Na miƙa masa takardar. Ya kai ta dab da idonsa ya daɗe yana dubawa, ya bi ɗakunan da yatsa, ya ce har da rijiyar na sa. Na ciro almakashi na ce ya nuna min inda zan yanka, in bar masa bishiyar duka ko rabi.

Ya riƙe min hannu. Ya ce, "Bar su haka, jikata. Ba mai zuwa karɓar nasa."

Ya ninke ta biyu, ya cire hula ya sa a ciki ya mayar. Yara suna guje-guje a filin makarantar. Edna ta aiko masa da kwalbar kafin ta koma, ga ta nan a gefen buhun, a cike. Da za mu tafi na tambaye shi ko ya sha na yau.

Ya ce a'a, ba wanda ya tuna masa.